Mahani da Mazugi: Tarihin Gano Furotin Masu Sarrafa Ƙwayoyin Gado a Jikin Bakteriya

Manufar wannan takarda ita ce a bi diddigin yadda masana suka gano cewa bakteriya ba ta aiki da dukkan ƙwayoyin gadonta a lokaci guda, a'a, akwai waɗansu furotin na musamman da ke buɗe wannan su rufe waccan gwargwadon abin da ta tarar a inda take zaune. Galibin littattafan da ake karantar da ɗalibai da su sukan kawo labarin a gurguje, su ce François Jacob da Jacques Monod ne suka warware matsalar a 1961, su wuce gaba. Abin da muke so mu nuna shi ne, amsar da aka bayar a waccan shekara rabin amsa ce, kuma kyawun wannan rabi, tare da girman waɗanda suka kawo shi, su ne suka sa aka shafe kusan shekara shida ana jan ƙafa wajen karɓar ɗaya rabin, alhali kuwa hujjarsa tana hannu.

Kafin mu shiga cikin zancen, ya kamata mu daidaita kalmomin da za mu yi amfani da su. Idan muka ce ƙwayar gado, muna nufin wani yanki na zaren DNA wanda ke ɗauke da umarnin ƙera furotin guda. Inzayim kuwa furotin ne mai gudanar da wani aiki a cikin jiki, kamar farfasa sukari. Furotin da ke zama bisa DNA ya hana a karanta ƙwayar gado za mu kira shi mahani. Wanda ke taimakawa a karanta ta za mu kira shi mazugi, watau kamar mai zuga wa maƙeri wuta. Shi kuwa sinadarin da shigowarsa ke sa a buɗe ƙwayar gado, za mu ce masa mabuɗi.

Sukari biyu a kwalba guda

Tun a 1900 wani masani a Faris mai suna Frédéric Diénert ya lura cewa yisti ba ya iya sarrafa sukarin galaktos sai an bar shi ya ɗan jima tare da shi. Daga baya Henning Karström, mutumin Finlan, ya kasa inzayim gida biyu, akwai waɗanda ake samu a jikin bakteriya kullum, akwai kuma waɗanda ba su bayyana sai abincinsu ya zo. Wannan hali na biyu shi aka laƙaba wa sunan sabo, ko kuma daidaitawar inzayim.

A 1940, lokacin da sojojin Jamus suka mamaye Faris, Monod yana Jami'ar Sorbonne yana auna yadda bakteriya ke yaɗuwa a cikin ruwan abinci. Da ya haɗa sukari iri biyu a kwalba guda, sai ya ga a waɗansu haɗe-haɗen yaɗuwar takan tashi, ta tsaya cik na ɗan lokaci, sa'an nan ta sake tashi. Bakteriyar takan cinye gulukos tukuna, ta dakata, kana ta juya kan sukari na biyu. Ya kai wa André Lwoff na Cibiyar Pasteur wannan sakamako, shi kuma ya ce masa mai yiwuwa al'amarin sabon inzayim ne. Monod ya gabatar da kundin digirinsa a 1941, ya shiga ƙungiyar masu gwagwarmaya da mamaya, kuma bayan an ƙare yaƙi a 1945 ya koma ɗakin binciken Lwoff, ya tsayar da hankalinsa kan bakteriyar Escherichia coli da sukarin madara, watau laktos, da inzayim ɗin da ke raba shi biyu mai suna beta-galaktosidas.

A nan akwai wani al'amari na siyasa da bai kamata a tsallake shi ba. Kalmar sabo tana ɗauke da ma'anar cewa abinci ne ke koya wa halitta yadda za ta ci shi, wanda kuwa ya yi kama da koyarwar Lysenko da gwamnatin Tarayyar Sobiyat ta ɗora wa masananta a 1948, cewa muhalli na iya sauya gado kai tsaye. Monod ya fito fili ya soki Lysenko a waccan shekara, kuma daga nan ya ƙudurta raba wannan fage da duk wani ƙamshin irin wannan tunani. Shi da Melvin Cohn suka yi amfani da sinadarai masu kama da laktos, suka tarar akwai waɗanda ke sa bakteriya ta ƙera inzayim ɗin alhali ba ta iya cin su ko kaɗan. Ashe ke nan ba amfanin abincin ne ke jawo inzayim ba. A 1953 Monod da Cohn da waɗansu masana uku suka rubuta wa mujallar Nature cewa a daina cewa sabo, a riƙa cewa tayarwa. A 1955 kuma, tare da David Hogness, suka nuna cewa inzayim ɗin sabo fil ake ƙera shi bayan mabuɗi ya shigo, ba wani tsohon furotin ne ake gyara wa siffa ba.

Gwajin 1958 da haihuwar mahani

A ɗaya ƙarshen barandar benen da Monod ke aiki akwai Jacob, wanda ya yi aikin jinyar soja a rundunar Faransa mai 'yanci da ta taso daga Chadi ta ratsa Fezzan zuwa Tunisiya, ya kuma sami mummunan rauni a Normandi a 1944, raunin da ya hana shi zama likitan fiɗa kamar yadda ya so. Ya shiga ɗakin Lwoff a 1950. Shi da Élie Wollman suna nazarin yadda bakteriya namiji ke zura wa mace zaren gadonsa sannu a hankali, ƙwaya bayan ƙwaya. Suna kuma nazarin wani bairos mai suna lamda, wanda Esther Lederberg ta gano, wanda ke iya kwanciya shiru a cikin zaren gadon bakteriya. A 1954 suka ga abin mamaki. Idan namiji mai ɗauke da lamda ya zura shi cikin macen da ba ta da shi, nan take bairos ɗin yakan farka ya hallaka ta. Idan kuwa macen ce ke ɗauke da shi, ba abin da ke faruwa. Wannan ya nuna akwai wani abu a cikin ruwan jikin mai ɗauke da bairos da ke riƙe shi a kwance.

A 1957 Arthur Pardee ya zo daga Kalifoniya don ya yi shekara guda a Pasteur, sai aka haɗa dabarun ɗakunan biyu. An riga an san ƙwayar gado z ita ce ke ƙera inzayim, an kuma san wata ƙwaya i wadda in ta lalace bakteriya kan yi ta ƙera inzayim ba tsayawa, ko da laktos ko babu. Monod ya daɗe yana zaton mai lalatacciyar i tana ƙera wani mabuɗi ne na cikin gida. Sai aka ɗauko namiji mai lafiyayyun z da i, aka haɗa shi da mace wadda duka biyun nata sun lalace, ba a zuba mabuɗi ba. Cikin 'yan mintoci da shigar z, macen ta fara ƙera inzayim da cikakken ƙarfi. Bayan kamar awa biyu sai ta daina, ba ta kuma ci gaba sai an zuba mata mabuɗi. Da a ce zaton Monod gaskiya ne, da ba za ta daina ba. Fassarar da ta rage ita ce, lafiyayyar i da ta shigo ta ɗauki lokaci tana tara wani abu mai hani, kuma aikin mabuɗi shi ne ya hana mai hanin. Leo Szilard, masanin kimiyyar nukiliya da ya koma nazarin halittu, ya ziyarci Pasteur a wannan tsakani, ya kuma goyi bayan wannan fassara tun Monod bai gama sakin jiki da ita ba. An buga sakamakon a 1959.

Jacob ne ya fara ganin cewa labarin lamda da na laktos labari guda ne, a damunar 1958, ya kuma yi hasashen cewa mahani bisa DNA kansa yake zama, a wani gurbi da ke gaban jerin ƙwayoyin gado, ya rufe su gaba ɗaya. Aka nemi bakteriyar da gurbin nan nata ya lalace, aka same ta. A 1960 suka raɗa wa irin wannan jeri suna ofaron, a 1961 kuma Jacob da Monod suka buga babbar takardarsu wadda ta tattara komai, har da batun RNA ɗan aike mai ɗaukar saƙo daga DNA zuwa inda ake ƙera furotin. A 1965 aka ba su lambar Nobel tare da Lwoff.

Yana da kyau a lura cewa har zuwa ranar da aka ba da lambar babu wanda ya taɓa riƙe mahani a hannu. A takardar 1961 ma marubutan sun karkata ga cewa RNA ne, ba furotin ba. Wahalar kama shi ita ce ƙarancinsa, domin bai wuce kamar guda 10 ba a jikin bakteriya ɗaya. Sai a 1966 Walter Gilbert da Benno Müller-Hill suka ware shi a Jami'ar Harvard, suka tabbatar furotin ne, a 1967 kuma Mark Ptashne ya ware na lamda, ya nuna yana manne wa DNA a gurbinsa.

Englesberg da sukarin arabinos

Yanzu mun zo kan abin da ya fi damun mu a wannan takarda. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 Ellis Englesberg, wanda ya yi aiki a Jami'ar Pittsburgh kafin ya koma Santa Barbara, yana nazarin yadda Escherichia coli ke cin wani sukari mai suna arabinos. Ƙwayoyin gado uku, A da B da D, su ke ƙera inzayim ukun da ake bukata. Kusa da su akwai ta huɗu, C, wadda in ta lalace bakteriya ba ta iya ƙera ko ɗaya daga cikin ukun, komai yawan arabinos da aka zuba mata. Wannan kishiyar halin i ne sak. Bisa ƙa'idar Faris, in an cire mai gadi ƙofa takan zauna a buɗe. A nan kuwa an cire mai gadi ƙofa ta rufe ruf. A 1965 Englesberg da abokan aikinsa Joseph Irr da Power da Nancy Lee suka buga takarda suna cewa furotin C mazugi ne, watau ba a karanta ƙwayoyin nan uku sai da taimakonsa.

Ba a karɓi wannan magana hannu bibbiyu ba. Sukar farko ita ce, a tsarin laktos ma an san wani irin mahani kurma wanda ba ya jin kiran mabuɗi, saboda haka ƙofarsa ba ta buɗuwa, kuma mai yiwuwa irinsa ne Englesberg ya gani. Amsar wannan ba ta da wuya. Mahani kurma yakan rinjayi lafiyayye in an haɗa su a jiki guda, ita kuwa lalatacciyar C da zarar an kawo mata lafiyayya sai aiki ya dawo. Bugu da ƙari, an sami bakteriyar da aka yanke wa wani ɓangare na C ɗungurungum, halinta bai bambanta ba, abin da babu shi kuwa ba ya hana komai. Suka ta biyu ta fi ƙarfi. Aka ce wataƙila akwai wani mahani na ainihi da ba a gano ba tukuna, aikin C kuwa shi ne ya kawar da shi, ko kuma ya juya arabinos ya zama mabuɗin gaskiya. A gaskiya wannan ba shaci-faɗi ba ne, domin a tsarin laktos kansa haka abin yake, laktos ba shi ne mabuɗi ba, sai inzayim ya juya shi ya zama alolaktos, kamar yadda aka tabbatar a 1972. To amma irin wannan suka tana da wata illa, ita ce ba a iya kashe ta da nazarin gado kawai. Duk yawan bakteriyar da mutum ya tantance bai sami ɓoyayyen mahani ba, ana iya ce masa bai nema da kyau ba. Haka aka bar Englesberg da nauyin tabbatar da rashin wani abu, alhali shi mahanin laktos an yarda da shi shekaru kafin a gan shi.

Shi kansa furotin C bai sauƙaƙa wa mai shi ba. Akwai sakamakon gwaje-gwajen da suka nuna lafiyayyar C tana danne aikin ƙwayoyin nan idan babu arabinos, kuma masu suka sun riƙe wannan a matsayin shaidar cewa ashe dai mahani ne. Sai a 1969 Englesberg ya fito da cikakkiyar fassara, cewa furotin guda ne mai fuska biyu, mahani ne in babu sukari, mazugi ne in sukari ya manne masa.

Me ya sa aka yi ta turjiya haka? A ganinmu dalilai biyu ne. Na farko, ƙa'idar mahani tana da sauƙi da tsafta, mahani ba ya bukatar sanin komai game da yadda ake kwafe DNA, tare hanya kawai yake yi, shi kuwa mazugi dole ya taɓa inzayim mai kwafa ya sauya masa hali, wanda a lokacin babu wanda ya san yadda hakan zai yiwu. Monod mutum ne mai son ƙa'ida guda da za ta game komai, har an san shi da ra'ayin cewa abin da ya tabbata ga bakteriya ya tabbata ga giwa. Na biyu, wanda ya kwashe shekara goma yana yaƙi da tunanin cewa sukari ne ke umartar halitta ta ƙera inzayim, ba zai yi saurin maraba da wani furotin da ke ɗaukar sukari ya je ya ba da umarni ba, ko da yake in an duba da kyau maganganun biyu ba ɗaya ba ne. Wannan dalili na biyu fahimtarmu ce, mai karatu yana iya auna ta da kansa.

Abin ban sha'awa shi ne, taimako ya fara zuwa daga cikin gidan masu suka. René Thomas a Beljiyam ya nuna a 1966 cewa waɗansu ƙwayoyin gadon lamda ba su aiki ko an cire mahani, sai wani furotin ya zuga su. Maxime Schwartz, ɗalibi a ɗakin Monod wanda daga baya ya shugabanci Cibiyar Pasteur, ya tarar a 1967 cewa tsarin sukarin maltos yana da ƙwayar gado mai hali irin na C. Sa'an nan sai babbar ta zo. A 1968 ɗakin Ira Pastan a Amurka, da Agnes Ullmann tare da Monod kansa a Faris, suka nuna cewa wani ƙaramin sinadari mai suna cAMP yana sassauta dannewar da gulukos ke yi wa inzayim ɗin laktos. A 1970 ɗakuna biyu, na Pastan da kuma na Geoffrey Zubay tare da Jonathan Beckwith, suka ware furotin da ke ɗaukar wannan sinadari, wanda ake kira CAP ko CRP. Ashe ofaron na laktos, wanda aka gina ƙa'idar hani a kansa, shi ma ba ya aiki sosai sai da mazugi. A 1971 Jack Greenblatt da Robert Schleif, haka kuma Zubay tare da Englesberg, suka nuna a cikin kwalbar gwaji, ba tare da rayayyar bakteriya ba, cewa sai an zuba furotin C da arabinos ake karanta ƙwayoyin arabinos. Daga nan gardama ta mutu.

Abin da ya biyo baya

Bayan 1971 bangon da aka gina tsakanin mahani da mazugi ya ci gaba da zubewa. An gano mahanin lamda yana zuga ƙwayar gadon da ke ƙera shi. Tsakanin 1981 da 1982, da aka fitar da siffar CAP da ta furotin biyu na lamda, sai aka ga dukkansu da irin yatsa guda suke kama DNA, bambancin aikinsu ya fi ta'allaƙa ga inda suka zauna. A 1984 ɗakin Schleif ya warware sirrin fuska biyun C. In babu arabinos, furotin ɗin yakan kama gurbi biyu masu tazarar haruffan DNA kamar 210, ya lanƙwasa zaren ya zama zobe, ya toshe hanya. In sukari ya zo, sai ya saki gurbi mai nisa ya kama na kusa da inzayim mai kwafa. A 1990 ɗakin Müller-Hill a Jamus ya nuna mahanin laktos ma yana da ƙarin gurbi biyu, kuma irin wannan zobe yake ɗaurawa.

Ko dakatawar da Monod ya gani a 1940 ba ta tsira daga sabon nazari ba. An daɗe ana karantar da cewa ƙarancin cAMP ne kaɗai ke sa bakteriya ta fifita gulukos, amma binciken ɗakin Hiroji Aiba a Japan a 1996 ya nuna cewa babban dalili a haɗin gulukos da laktos shi ne, muddin gulukos na shiga, ƙofar da laktos ke bi takan toshe, don haka mabuɗi ba ya samuwa a ciki balle ya ɗaga mahani.

Da aka kammala karanta zaren gadon Escherichia coli a 1997, an tarar da ƙwayoyin gado sama da 4,000, kuma an ƙiyasta kimanin 300 daga cikinsu furotin masu sarrafawa suke ƙerawa. An kasa su dangi-dangi, kuma ɗaya daga cikin manyan dangogin sunan furotin Englesberg yake ɗauke da shi, watau AraC. A cikin wannan dangi akwai MarA, wanda ke zuga famfunan da bakteriya ke fitar da magunguna da su daga jikinta. Akwai kuma ToxT na bakteriyar kwalara. Annobar kwalara ta bakwai ta taso daga Indunisiya a 1961, ta iso Afirka ta Yamma ta Gini a 1970, kuma kafin 1971 ta ƙare ta shiga Nijar da Nijeriya da Chadi da Kamaru. Dafin da ke jawo gudawar wannan cuta, da gashin da bakteriyar ke manne wa hanji da shi, ba a ƙera su sai ToxT ya zauna bisa DNA ya zuga ƙwayoyin gadonsu, kamar yadda aka gano a farkon shekarun 1990. A 2005 ɗakin John Mekalanos a Harvard ya ba da rahoton wani sinadari mai suna virstatin wanda ke hana ToxT aiki, kuma da aka ba jariran ɓeraye shi, bakteriyar ta kasa kafuwa a hanjinsu, ba tare da an kashe ta ba.